Kwantiragi: 'Yanci Ko Sabon Ƙangi?

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, wata sabuwar waƙa ta shigo gari, masu ilimin kwamfuta kuwa sai amshi suke yi. Ana ce musu su ajiye aikin dindindin su koma kwantiragi, wai kowa ya zama ubangidan kansa, ya karɓi dala maimakon naira. Mu dai mun ce a tsaya a yi lissafi tukuna, domin kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Ba mu musun cewa ɗan kwantiragi yakan karɓi abin da ya fi albashin wata kauri. To amma me ya bari a baya? Dokar Fansho ta 2014 a Nijeriya ta wajabta wa mai ba da aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci a asusun fanshonsa, shi kuma ma'aikacin ya zuba kashi 8. Ɗan kwantiragi ya yi bankwana da wannan goman. Ba hutun shekara, ba kuɗin asibiti, ba kuɗin sallama. Kwamfuta tasa, man janareto nasa, kuɗin intanet nasa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ran nan tukunyarsa ta huce. Ashe ƙarin da ake yi masa ba alheri ba ne, kayan kamfani ne aka sauke aka aza masa a ka.

Wannan dabara ta 'yan jari-hujja ta daɗe. A Amurka, ma'aikatan wucin gadi na kamfanin Microsoft, waɗanda suka shafe shekaru suna aiki kafaɗa da kafaɗa da na dindindin, sun kai ƙara a 1992. Sai a 2000 kamfanin ya yarda zai biya dala miliyan 97. A 2019 jaridar New York Times ta bayyana cewa kamfanin Google yana da 'yan kwantiragi da na wucin gadi 121,000, alhali na dindindin 102,000 ne. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Andela, wanda ya fara horar da matasa a Legas a 2014, ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400, daga baya ya zama dillalin haɗa ƙwararru da kamfanonin waje. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Babbar hasarar ma ba ta aljihu ba ce. Ma'aikacin dindindin yana da ƙungiya, yana da bakin magana, yana da makamin yajin aiki. Ɗan kwantiragi shi kaɗai ne a ɗakinsa, yana karya farashi don kada ɗan'uwansa ya riga shi. Haka masu jari suke so: a kwance tsintsiya, a karye ta tsinke-tsinke. Sannan wa zai koya wa na baya aiki, in kowa ƙwararre kawai yake nema?

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta shirya laccoci kan dokar ƙwadago, domin kada wani ya bar jami'a bai iya karanta takardar yarjejeniya ba. Muna kira ga Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya ta buɗe wa 'yan kwantiragi ƙofa. Wanda kuma ya ƙudura sai ya tafi, to ya sa fansho da asibiti da watannin zaman banza cikin farashinsa. In mai aikin ya ƙi biya, to ya gane ba gwanintarsa ake so ba, arharsa ake nema.