Lissafin GPA ba ya buƙatar match

1/ 'Yan UDUS da nake koya wa Python a Kwalkwalawa, kusan kowa da lissafin GPA yake farawa. Sai ka ga match ko if/elif hawa shida.

2/ Ni dai a ganina wahalar banza ce. A=5, B=4, har F=0, ai jadawali ne. Zuba shi a dict, ka kira maki[g], shi ke nan. Ga shi match sai Python 3.10 na 2021, tsohon ba ya gane shi.

3/ Amma don Allah kar ka sa .get(g, 0). Wani ya rubuta ƙaramin "a", ɗalibi ya kwashi sifili ba wanda ya sani. Gara shirin ya tsaya da KeyError.

4/ Mayar da 70 zuwa A kuwa, nan if/elif ya fi.