Takunkumin Derby County: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan sam mini fili in tofa albarkacin bakina game da wata magana da ta hana mu tashi da wuri a majalisarmu kwanakin baya. Maganar kuwa ita ce ta takunkumin da hukumomin ƙwallon ƙafa kan ƙaƙaba wa ƙungiyar da bashi ya yi wa katutu, su hana ta sayen 'yan wasa. Wani matashi daga cikinmu ya dage a kan cewa hukuncin daidai ne, wai wanda ake bi bashi ba shi da ta cewa a kasuwa. Ni kuwa na ce masa a takarda haka ne, amma ya je ya duba abin da ya faru da ƙungiyar Derby County ta ƙasar Ingila tsakanin 2021 da 2022, sa'an nan ya dawo ya gaya mini wanda bulalar ta sauka a kansa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, tunda yaranmu na gidajen kallo ba su san kowa ba sai Manchester United da Chelsea da Arsenal, Derby ba ƙaramar ƙungiya ba ce. An kafa ta tun 1884, ta ɗauki kofin FA a 1946, ta kuma zama zakaran Ingila har sau biyu, a 1972 da 1975. Filinta, Pride Park, yana ɗaukar mutane kimanin 33,000. Rabonta da gasar Firimiya dai tun 2008, lokacin da ta faɗo da maki 11 kacal a kakar wasa guda, abin da har yau ake yi mata gori da shi.

Wannan ƙishirwa ta komawa Firimiya ita ce mafarin komai. A 2015 wani attajiri ɗan garin, Mel Morris, wanda ya yi kuɗi da kamfanin da ya ƙirƙiro wasan wayar nan na Candy Crush, ya mallake ƙungiyar baki ɗaya. Ba baƙo ba ne, masoyin ƙungiyar ne tun yana yaro, kuma wannan ne ma ya sa magoya baya suka saki jiki. Lissafinsa shi ne lissafin da yawancin masu ƙungiyoyin rukuni na biyu suke yi: a kashe abin da babu a yau, in an haye Firimiya kuɗin talabijin, wanda ya haura fam miliyan 100, zai rufe ramin gobe. Sai aka shiga sayen 'yan wasa masu tsada ana ba su albashi mai kauri, ana canza koci kamar riga. Paul Clement, Nigel Pearson, Steve McClaren, Gary Rowett, Frank Lampard, Phillip Cocu, duk sun zo sun wuce cikin 'yan shekaru. A 2019, ƙarƙashin Lampard, saura ƙiris caca ta ci, domin sun je wasan ƙarshe na neman hayewa a Wembley, amma Aston Villa ta doke su da ci 2 da 1. Daga ranar nan babu abin da ya rage sai bashin.

To, a lokacin hukumar EFL mai kula da rukunan da ke ƙasa da Firimiya tana da doka cewa ƙungiyar rukuni na biyu ba za ta yi asarar da ta wuce fam miliyan 39 cikin shekaru uku ba. Yaya Derby ta yi da wannan doka? Dabara biyu aka yi, kuma ina so masu karatu su lura da su sosai.

Ta farko, a 2018 ƙungiyar ta sayar da filinta a kan kimanin fam miliyan 80. Wa ya saya? Wani kamfani na shi Morris ɗin. Wato an ciro daga aljihun dama an sa a na hagu, sai littafin ƙungiya ya nuna riba. Da aka kai maganar gaban kwamitin shari'a a 2020, an wanke ƙungiyar a kan wannan ciniki, dokar lokacin ba ta hana ba. Sai dai daga ranar Derby ta koma 'yar haya a gidanta, kuma za mu ga inda wannan ya dawo ya cije ta.

Ta biyu ta fi wuyar ganewa, amma bari in kwatanta. A ƙa'ida, in ƙungiya ta sayi ɗan wasa fam miliyan 10 a kan kwantiragin shekara biyar, kowace shekara takan rubuta miliyan 2 a matsayin kuɗin da ya tafi, har darajarsa a littafi ta koma sifiri. Ita kuwa Derby sai ta riƙa ƙiyasta wa kanta cewa ai ɗan wasan zai yi daraja kaza nan gaba, saboda haka ba sai an rubuta asarar duka yanzu ba. Kamar ɗan acaɓa ne ya sayi babur, bayan shekara uku yana ta aiki da shi ya ce wa mai binsa bashi ai har yanzu kusan sabo ne. A watan Mayun 2021 kwamitin ɗaukaka ƙara ya ce wannan lissafi ya saɓa ƙa'ida, daga baya aka ci su tarar fam 100,000, aka kuma ce su sake rubuta littattafan.

Ana cikin haka annobar korona ta rufe filayen wasa, kuɗin ƙofa ya tsaya cak. Masu neman saye biyu, wani ɗan sarautar Abu Dhabi da wani ɗan kasuwa daga Sifen, sun zo sun yi alkawari, ciniki ya watse. A watan Satumban 2021 Morris ya ce shi fa ya gaji, aka miƙa ƙungiyar hannun akantocin da ke riƙon kamfanin da ya karye har a sami mai saye. Nan take aka zabtare mata maki 12, a watan Nuwamba aka ƙara 9 saboda laifin littattafai, jimla 21. Hukumar haraji ta Ingila kaɗai tana bin ta kusan fam miliyan 30. Ana bin ta ragowar kuɗin ɗan wasa Krystian Bielik da ta sayo daga Arsenal a 2019, ana bin ta har kuɗin masu motar ɗaukar marasa lafiya da ke tsayawa a fili ranar wasa.

Yanzu ga inda nake so abokin gardamata ya buɗe kunne. Tun kafin a kai ga haka an riga an sa wa Derby takunkumin saye. Wayne Rooney, wanda shi ne koci a lokacin, ya shiga shirin kakar 2021 da manyan 'yan wasan da ba su kai goma sha ɗaya ba. Da kyar aka yarje masa ya ɗauki waɗanda ba su da ƙungiya, ba tare da biyan ko kwabo na saye ba, kuma da albashin da hukuma ta ƙayyade. Haka ya tattaro irin su Phil Jagielka, tsohon kyaftin ɗin Everton mai shekara 39, ya cike sauran gurabun da yaran makarantar horon ƙungiyar. Jagielka ya tsare baya da kyau, amma da kwantiraginsa ya ƙare a watan Janairun 2022 aka ce ba za a sabunta ba, takunkumi ya hana. Mutumin yana son zama, koci yana son sa, sai ga shi ya tafi Stoke City a kyauta. Don Allah wane mai bin bashi ne ya amfana da wannan?

Abin da mutane ba sa lura da shi, shi ne takunkumi ƙofar shiga kawai yake rufewa, ta fita tana nan a buɗe. Kuma kowa a kasuwa ya san kana cikin matsi, kamar mai kai akuyarsa kasuwa ran da matarsa ke asibiti. Graeme Shinnie, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan ƙungiyar a kakar da ta gabata, Wigan ta ɗauke shi a kan abin da jaridun Ingila suka ce fam 30,000 ne. Manyan ƙungiyoyi suka yi ta tsintar matasan 'yan wasan Derby: Chelsea ta ɗauki Dylan Williams, Crystal Palace ta ɗauki Luke Plange. Akwai ma yara biyu masu tushe a Nijeriya, Festy Ebosele da Malcolm Ebiowei, waɗanda suka haska a wannan kaka, amma da yake ba a iya ɗaure su da sabon kwantiragi ba, na farko ya tafi Udinese ta Italiya, na biyu ya tafi Crystal Palace. Waɗannan yara su ne dukiyar da za a iya sayarwa da tsada nan gaba a rage bashi. Ka ga ke nan dokar da aka yi don kare masu bin bashi ta taimaka wajen karya farashin kayan da za a biya su da shi.

Duk da haka, a fili yaran ba su ba da kunya ba. Sun ci wasa 14, sun yi canjaras 13, wato maki 55, wanda da ba a taɓa shi ba ya ishe su zama lafiya lau. Ranar 30 ga Janairun 2022 dubban magoya baya suka yi jerin gwano zuwa Pride Park suna roƙon a ceci ƙungiyarsu, a wasan ranar kuma Birmingham na gaba da ci 2 suka farke duka, Bielik ɗin nan da ba a gama biyan kuɗinsa ba shi ya ci ta ƙarshe. Amma maki 21 ba wasa ba ne. Ranar 18 ga Afrilu QPR ta ci su ɗaya mai ban haushi, suka gangara rukuni na uku.

Kada a ce na ɗauki ɓangare guda, bari in faɗi hujjar abokin gardamata, domin tana da ƙarfi. A 2019 Middlesbrough ta rasa gurbin wasannin neman hayewa da maki ɗaya tak, kuma Derby ce ta sha gabanta. A 2021 Wycombe, ƙaramar ƙungiya mai kashe daidai abin da ta samu, ta faɗi da maki ɗaya tak, Derby ce ta tsira a ranar ƙarshe. Dukansu biyu sun nemi diyya, kuma ba na ganin laifinsu. In an bar mai ha'inci ya ci bulus, gobe kowa ma zai yi. Saboda haka ban ce kada a yi hukunci ba. Abin da na ce shi ne hukuncin ya zo a makare, ya kuma sami waɗanda ba su sa hannu a takarda ko ɗaya ba. Shekarun da ake kashe kuɗin hauka, ina hukuma take? Ran da aka sayar da fili ga mai ƙungiya, ina take? Morris dai ya ce ya yi asarar fiye da fam miliyan 200, kuma ban musa ba, amma shi ya zaɓi caca da kansa, kuma bayan ya saki ƙungiyar filin wasa yana nan a hannunsa, abin da ya ƙara dagula cinikin, tunda duk mai saye sai ya yi ciniki biyu. Ma'aikatan ofis da aka sallama ba su zaɓi komai ba. Ƙananan 'yan kasuwa kuwa dokar EFL cewa ta yi a biya 'yan wasa da sauran ƙungiyoyi kuɗinsu cif, su kuma kashi ɗaya cikin huɗu ya wadatar. Haba!

Har a wajen neman mai saye ma an kusa maimaita kuskuren. Wani Ba'amurke, Chris Kirchner, shi aka tsayar a watan Afrilun 2022, aka yi ta jiran kuɗinsa su iso har ya janye a watan Yuni. A 2024 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 20 saboda zamba a kamfaninsa. Wannan shi ne mutumin da saura kaɗan a damƙa wa amanar ƙungiya mai shekara 138. Allah Ya taimake su wani mai harkar gine-gine ɗan yankin, David Clowes, ya sayi filin, sa'an nan ya sayi ƙungiyar ranar 1 ga Yulin 2022, mako guda bayan Rooney ya ajiye aiki. Ko shi ma sai da aka ɗaure shi da sharuɗɗan kashe kuɗi, amma da 'yan wasan kyauta da na aro aka sake gini, a 2024 suka dawo rukuni na biyu ƙarƙashin Paul Warne.

Ba kowa ke samun irin wannan sa'a ba. Bury, wadda ta taɓa ɗaukar kofin FA sau biyu, korar ta aka yi daga gasa gaba ɗaya a 2019. Irin waɗannan ne suka sa a 2025 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa ba ƙungiyoyi lasisi, tana tantance mai saye da inda kuɗinsa suka fito. A ganina nan ne ya kamata a sa ƙarfi tun farko: a tsare mai ƙungiya ya nuna kuɗin albashi da na haraji kafin ya sa hannu a sayen kowa, kuma a hana raba ƙungiya da filinta. Ko da yake ba a rabu da Bukar ba, domin a watan Oktoban 2025 Sheffield Wednesday, wadda Derby ta yi 3 da 3 da ita ta tsira a 2021, ita ma ta faɗa hannun akantoci bayan watanni ana jinkirin albashi ga takunkumin saye, aka cire mata maki 12.

Malam Edita, abin da ya sa na damu da rikicin mutanen da ban taɓa zuwa garinsu ba, shi ne ɗan maƙwabcina. Yaron yana buga wa wata ƙungiya a nan gida, ba zan faɗi sunanta ba, kuma kamar yawancin ƙungiyoyinmu daga baitulmalin gwamnati take ci. Ya yi wata biyar ba albashi, kuɗin sa hannu ma rabi aka ba shi, amma da kaka ta zagayo sai ga ƙungiyar ta kwaso sababbin 'yan wasa ana ɗaukar su hoto da riguna. Shi kam da za a hana su saye har sai sun biya shi, da ya yi murna, kuma a nan na yarda da abokin gardamata ɗari bisa ɗari, domin takunkumin da aka sa tun albashin wata na farko ya makale daban yake da wanda aka sa bayan gida ya ƙone. Ina kira ga masu shirya gasarmu da su riƙa neman shaidar biyan tsofaffin 'yan wasa kafin su yi wa sababbi rajista, kuma su buga sunayen ƙungiyoyin da suka kasa a jarida kowa ya gani. Yaron dai yanzu yana taya babansa zama a shago, takardar kwantiragin tana nan a cikin leda ƙarƙashin katifarsa.