Faɗakarwa a kan ruɓewar haƙora

Amma bayan haka, ya ku malamai da almajirai, dalilin wannan takarda shi ne wani almajirina da ya kwana uku yana riƙe da kunci, ba ci, ba karatu. Aka kai shi wurin mai magani, ya turara masa hayaki, ya ce ya fitar da tsutsa. Ciwo bai tafi ba, daga baya aka cire haƙorin.

To, ku sani babu tsutsa cikin haƙori. Abin da ke akwai wasu halittu ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin su, suna zaune cikin dauɗar da ke manne wa haƙora. Abincinsu sukari. Idan sun ci sai su fitar da tsami, tsamin nan shi ke narkar da farin haƙori kaɗan-kaɗan har ya yi kogo. Idan kogo ya kai ga jijiya, sai zogi. Wani likitan haƙori mutumin Amurka, Mila, ya bayyana wannan a Jamus tun shekarar 1890.

Kuma ku sani yawu shi ke kashe tsamin, amma sai an ba shi kamar rabin sa'a. Wanda ya yini yana tsotsar alewa, yana kurɓar shayi mai zaƙi, bai ba yawu sarari ba. Da dare kuwa yawu raguwa yake yi.

Saboda haka ina yi muku wasiyya da abu huɗu. Na farko, a rage zaƙi, a ci shi tare da abinci. Na biyu, a goge haƙora safe da dare da man goge baki mai sinadarin fulorayid, domin yana ƙarfafa haƙori. A tofar, kada a kurkure. Asuwaki kuwa kada a bar shi, yana kankare dauɗa. Na uku, a lura da yara: turmin da ke fitowa a shekara 6 na girma ne, in ya ruɓe ba ya sake tsirowa. Na huɗu, wanda ya ga baƙi ko rami ya je wurin likitan haƙori a cike shi tun bai fara zogi ba.

Malam, duba bakin almajiranka kamar yadda kake duba allunansu. Allah Ya ba mu lafiya. Wassalam.