An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Cukun Holan Da Teburin Giya

   

Daga cikin abubuwan da kamfanonin yawon buɗe ido suke tallata wa duk baƙon da ya nufi ƙasar Holan, musamman birnin Amstadam, akwai wani zama da suke kira zaman ɗanɗanon cuku. Tsarinsa kusan ɗaya ne ko'ina. Mutum zai sayi tikiti ta intanet, ranar da aka ɗiba masa a shigar da shi wani ɗaki tare da sauran baƙi, a jera musu cuku iri 5 ko 6 a kan teburi, tun daga sabo-sabo har zuwa wanda ya yi shekara 2 a ɗakin ajiya. Jagora zai tsaya yana bayani, yana cewa a shinshina, a duba launi, a bar shi ya narke a kan harshe. Kowane cuku kuma da abin da suke kira abokin tafiyarsa: farar giyar inabi ga sabon cuku, ja ga matsakaici, sai wata mai zaƙi ta ƙasar Fotugal, wadda ƙarfin barasarta ya kai wajen kashi 20 cikin 100, ga tsohon. Kamar awa 1 an tashi, kowa ya ɗauki hoto ya kama gabansa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan lamari shi ne irin tambayar da nake ji daga matasanmu, ɗalibai da ma'aikata da masu hali da Allah Ya hore wa zuwa Turai. Tambayar kusan kullum ɗaya ce: "Shin cukun nan nasu halal ne? Da me suke daskarar da shi?" Za a yi ta kai-komo a kan wannan, a kawo maganar wannan malami a kawo ta wancan, amma ba ka jin wanda ya ce uffan game da kofin da aka ajiye a gefen farantin. Wannan shi ne a bar jaki ana dukan taiki.

Bari in fara ba cuku haƙƙinsa, domin kada wani ya zaci gaba nake yi da abincin mutane. Mutanen Holan sun iya sarrafa nono, wannan ba abin musu ba ne. Madarar Peak da muka tashi muna gani a teburin mai shayi asalinta daga can take. Cukunsu da ya fi suna shi ne Gouda, wanda ya ci sunan garin da ake cinikinsa tun zamanin da (su da bakinsu kusan "Hauda" suke furtawa), sai Edam mai siffar ƙwallo wanda ake lulluɓe shi da jan kaki, sai wani na yankin Firislan da ake zuba wa kanumfari. Sai an tatso wajen lita 10 ta madara kafin a samu kilo 1 na cuku. Za a daskarar da madarar, a yayyanka ta, a tsiyaye ruwan, a matse ta a cikin mazubi, a jiƙa dunƙulen a ruwan gishiri, sannan a jera a kan katako ana jujjuyawa. Wanda ya yi mako 4 shi ne sabo, mai laushi. Wanda ya yi wata 4 ya fara nuna. Wanda ya kai wata 10 zuwa shekara shi ne tsoho, ya yi tauri, launinsa ya yi duhu, har za ka ji wasu 'yan ƙwayoyi suna ƙaras-ƙaras a haƙori. Wannan sana'a ce ta haƙuri da tsafta, kuma duk wanda ya fito daga ƙasar makiyaya irin tamu, inda ake asarar nono saboda rashin wurin adana shi, ya kamata ya tsaya ya duba ta da idon basira.

Cuku kuwa ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) cuku a Tabuka, sai ya sa aka kawo wuƙa, ya ambaci sunan Allah, ya yanka. Mu ma ba baƙo ba ne a wurinmu: Buzaye da Fulanin Nijar suna da nasu busasshen cukun, wasu Fulanin kuma da ruwan tumfafiya suke daskarar da nasu.

To ina matsalar da ake ta tambaya a kanta? Ita ce abin da Larabawa ke kira infaha, wato wani sinadari da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi mai shan nono, shi ake ɗigawa a madara ta daskare. Yawancin cukun gargajiya na Holan da shi ake yi. Idan ba a yanka maraƙin bisa shari'a ba, malamai sun yi saɓani. Imamu Malik da Imamu Shafi'i suna ganin infahar mushe najasa ce. Imamu Abu Hanifa yana ganin mai tsarki ce, Imamu Ahmad an ruwaito masa maganganu biyu, Ibnu Taimiyya kuma ya rinjayar da tsarkinta, yana kafa hujja da cewa sahabbai sun ci cukun Majusawa lokacin da suka buɗe Iraƙi. Ka ga ke nan mas'ala ce da manyan malamai suka tattauna tun fiye da shekara 1000, kowa da hujjarsa. Wanda kuma yake son ya fita daga saɓanin gaba ɗaya, Allah Ya kawo masa sauƙi a wannan zamani: akwai cukun da ake daskarar da shi da sinadarin da ba na dabba ba, ana rubutawa a jikinsa cewa ya dace da masu ƙaurace wa nama. Tambaya ɗaya ga mai kanti ta wadatar.

Yanzu mu juyo ga kofin. A nan wane saɓani aka yi? Babu. An saukar da hukuncin giya daki-daki, a Suratul Baƙara aya ta 219, sannan Suratun Nisa'i aya ta 43, sannan aka rufe ƙofar a Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91. Anas ɗan Malik (RA), wanda shi ne yake zuba wa mutane a gidan Abu Ɗalha ranar da mai shela ya yi shela, ya ba da labarin yadda aka tuttular da ita har ta gudana a lungunan Madina. Ba a ji wanda ya ce bari in ɗan ɗanɗana ta ƙarshe in ji da wane dabino ta fi dacewa ba. Kuma wanda ya lura da ayar Ma'ida zai ga umurnin da aka bayar na nisanta ne, wanda ya fi hana sha faɗi.

Na san amsar da ɗan uwana zai ba ni, domin na sha jin ta. Zai ce: "Ai ni ba zan sha ba, cukun kawai zan ci, in ce a ba ni ruwa." Madalla da ka ƙi sha. Amma hadisin Jabir (RA) da Tirmizi ya ruwaito ya hana wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Ba a ce sai idan zai sha ba. An kuma ruwaito cewa an kawo wa Halifa Umar ɗan Abdul'aziz wasu mutane da aka kama a wurin shan giya, aka ce masa ɗaya daga cikinsu azumi ma yake yi, sai ya ce da shi za a fara. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sannan ka duba tikitin da ka saya. Kuɗin giyar yana cikinsa, ko ka sha ko ka bar ta a kofi. Hadisin da ya la'anci mutum 10 a kan giya bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai saye da wanda aka saya dominsa da mai ɗauka da mai zubawa.

Wani kuma zai ce ai ɗanɗano ne kawai, kurɓi ɗaya, masana ma tofarwa suke yi. Ƙa'idar da Manzon Allah (SAW) ya ba mu ita ce duk abin da mai yawansa yake sa maye, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Kuma ni abin da ya fi ba ni tsoro a wannan zama shi ne daidai wannan suna da aka sa masa. Da a ce a ƙofar an rubuta "mashaya", babu ɗan Musulmin kirki da zai tura ƙofar. Amma an kira shi darasi, an kawo jagora, an raba takarda da alƙalami kowa yana ba da maki, ɗakin fes, ba hayaniya, ba wanda ke tangaɗi. Duk alamomin da aka koya mana tun muna yara na gane wurin ɓarna an share su. An gargaɗe mu a hadisi cewa wasu daga cikin al'ummar nan za su sha giya suna kiranta da wani suna. Yaron da ba zai taɓa shiga gidan giya a garinsu ba, a irin wannan ɗaki ne zai fara jin cewa ashe abin ba wani abin tashin hankali ba ne, wayewa ce. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Ina sane da cewa akwai ɗalibi ko ma'aikaci da za a gayyata liyafar wurin aiki ko ta jami'a, ya je ya tarar da kwalabe a kan teburi, ba da son ransa ba. Wannan malamai suna da zance a kansa gwargwadon halin da yake ciki, kuma ba da shi nake ba a yau. Ina magana ne da wanda ya zauna a gaban kwamfuta, ya karanta tallar da ta faɗa ƙarara cewa cuku ne da giya, ya ciro katinsa ya biya da hannunsa. Wace lalura ce ta kai shi?

Sai hujjar ƙarshe, wadda ita ce ta fi yaudarar masu ilimin cikinmu, wato wai sanin al'adun mutane. To bari mu duba al'adar. Mutumin Holan, a ranarsa ta yau da kullum, yankan cuku yake ɗorawa a kan burodi da safe, ya sake ɗorawa da rana, sau da yawa ya kora da kofin madara ko tsala. Ba na cewa ba sa shan barasa, suna sha, har suna da zamansu na yamma da suke haɗa ta da 'yan gutsattsarin cuku. Amma Holan ba ta cikin manyan ƙasashen da ke yin giyar inabi, yawancin wadda suke sha daga waje ake shigo da ita. Don haka wanda ya ɗauke kofin daga teburin bai rage komai daga tarihin cukun ba, bai kuma rage komai daga ɗanɗanonsa ba. Hasali ma hukumar da ke ba gwamnatin Holan shawara kan lafiya ta fitar da ƙa'idojin abinci a 2015, inda ta shawarci 'yan ƙasar da kada su sha barasa, in kuwa sai sun sha to kada ta wuce kofi 1 a rana. A 2014 ƙasar ta ɗaga shekarun sayen barasa zuwa 18. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na barasa da za a ce ba ya cutarwa, kuma rahotonta na 2024 ya danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 da shan ta. Mu ba waɗannan alƙaluma ne suka haramta mana ita ba, wahayi ne. Na kawo su ne don ɗan uwana mai jin kunyar cewa "ba na sha" ya san cewa masu gidan ma likitocinsu abin da suke gaya musu ke nan.

Kuma wallahi wannan kunya ita ce asalin cutar. Bature zai zauna a gaban kowa ya ce shi ba ya cin nama, ko ba ya cin alkama, a canza masa faranti cikin girmamawa, ba wanda zai ce masa baƙauye. Sai mu ne za mu riƙa in-ina, muna neman uzurin ciwon ciki, kamar addininmu wani abin ɓoyewa ne. Alhali a ƙasar nan akwai Musulmi masu ɗimbin yawa, galibinsu 'yan asalin Turkiyya da Maroko, da masallatai a kusan kowane babban gari. Ba kai ne Musulmin farko da mai sayar da cuku ya taɓa gani ba.

Wanda yake son ya ga cukun Holan da gaske, ga hanya a buɗe. Kantunan cuku suna ajiye 'yan yanka a faranti don mai saye ya ɗanɗana kyauta, sai dai ya tambaya, domin akwai nau'o'in da ake sa wa barasa a wajen haɗi. Akwai gonaki da ke nuna wa baƙi yadda ake yin sa tun daga tatsa. Garin Gouda yana cin kasuwar cukunsa ranar Alhamis daga Afrilu zuwa Agusta. Wadda ta fi shahara kuwa ita ce ta Alkmaar, tafiyar da ba ta kai awa 1 ba a jirgin ƙasa daga Amstadam, tana ci ranar Juma'a a watannin bazara, daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 1 na rana. A can za ka ga dunƙulen cuku jere reras a dandali, da 'yan dako sanye da fararen kaya da malafa ja ko shuɗiya ko koriya ko rawaya, 'yan wata ƙungiya da ake danganta kafuwarta da shekarar 1593, mutum 2 suna saɓa dunƙule 8 a lokaci ɗaya, kowanne ya haura kilo 12, suna sassarfa da shi zuwa ma'auni. Masu ciniki kuma suna tafa hannun juna suna taya da sallamawa, kai ka ce dillalan kara ne. Gaskiya ne a yau yawancin abin don 'yan kallo ake yin sa, amma a fili yake, kallonsa kyauta ne, ba kuma wanda zai ajiye maka kofi a gaba. A waɗannan watanni azahar ba ta shiga a can sai bayan ƙarfe 1:30, saboda haka wanda ya bar dandalin da wuri zai riski Juma'arsa.

Allah ne mafi sani.