LAFIYA UWAR JIKI: Turke ba ya ƙara wa haƙori ƙarfi

A wannan sati za mu duba haƙorin da aka kashe wa jijiya. Idan ruɓa ta cinye kan haƙori, likita yakan cire jijiyar, ya cike ramin saiwa, ya kafa siririn turke ciki, wanda ake kira « pivot » da Faransanci, sannan ya ɗora hula bisansa. Dabarar tsohuwa ce: Pierre Fauchard, likitan haƙori na Faransa, ya bayyana ta cikin littafinsa na 1728.

Mutane da dama sun ɗauka turken ƙarfafa haƙori yake yi. Ba haka ba ne. Aikinsa riƙe hula kawai, ramin da aka haƙa masa ma rage kaurin saiwa yake yi.

Nauyin cizo a haƙoran baya yana iya wuce kilo 50. Lafiyayyen haƙori yakan ɗan lanƙwasa, ya raba nauyin ko'ina. Amma baƙin ƙarfe ya fi ƙashin haƙori tauri wajen sau goma, ba ya lanƙwasawa tare da shi. Sai nauyin ya taru wuri guda, kamar yadda ƙusa ke tsaga busasshen itace. Saiwar da ta tsage a tsaye kuwa, galibi cirewa ce maganinta, jikkunan da aka biya sun tafi ke nan.

Saboda haka, wajen 1990 aka fito da turken zaren karbon a Faransa, daga baya na zaren gilashi. Taurinsu ya yi kusa da na haƙori, kuma in sun gaza, yawanci kwancewa suke yi, a gyara.

Amma abin da ya fi irin turke muhimmanci shi ne gindin haƙorin da ya saura bisa dasashi. In akwai milimita 1,5 zuwa 2 kewaye, hula za ta ɗaure shi kamar zoben ƙarfe a bakin ƙota, ta tare tsagewa. Wanda ya yi ta jinkiri da ƙwayar kashe ciwo har ruɓa ta kai dasashi, ya rasa wannan gindi.

Don haka a je likita da wuri. Kafin a biya, a tambaya: haƙorin nan na bukatar turke kuwa? Gindi nawa ya saura? Bayan aiki kuma, a daina fasa ƙashi da buɗe kwalba da haƙori.

Allah ya ba mu lafiya. Sai sati mai zuwa.