A Dubi Wata Kafin A Kai Yara Bakin Teku

Jama'a, hutu ya kan zo, wasu makarantunmu na wajen Tsiga da Funtuwa su shirya kai yara Ikko su ga teku. Wannan abin yabo ne, gama gani ya kori ji. Amma a kan tsara kuɗin mota da masauki da abinci, a manta da ruwan da za a je gani.

Yaron Tsiga ya san rafi, ya san madatsar Mairuwa. A saninsa ruwa ba ya ƙaruwa sai da damina. Teku kuwa tana cika ta janye sau biyu a kwana guda, saboda jan da wata da rana ke yi mata. Tsakanin janyewa da cika sa'a 6 ne da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin ya kan jinkirta da misalin minti 50. Watau in yau ta janye da ƙarfe 10 na safe, gobe sai wajen 11 saura minti 10. A Ikko tashin ruwan misalin mita ɗaya ne, amma ya isa ya shafe wurin da aka shimfiɗa tabarma.

Mu da muke lissafi da wata ba mu da uzurin jahiltar wannan. Cika ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da wajen 14 gare shi, ta fi sauƙi wajen 7 da 22. Sojan ruwa na Nijeriya su kan buga jadawalin lokutan nan kowace shekara.

Saboda haka muna ba hedimastoci shawara su nemi jadawalin kafin su yanke ranar tafiya. Tsintar bawon kifin teku da ƙwallo a kan yashi a yi su sa'ad da ruwa ya ja baya. A kafa sanda a gaɓa, yara su auna dawowarsa, darasin labarin ƙasa ke nan. Cin abinci da salla a yi su can tudu.

Amma fa janyewa ba izinin wanka ba ce. Akwai igiyar da ke fizgar mutum zuwa ciki, ko gwanin iyo ne, balle da damina da raƙuman ruwa ke hauka. Kada yaro ko ɗaya ya shiga.

'Ya'yan mutane amana ne. Malamin da ya ƙirga 40 a tashar Funtuwa, lalle ya ƙirga 40 ran dawowa. Allah ya kiyaye, amin.