Pinkie na Brighton da yaran unguwarmu

A 1948 aka fara nuna Brighton Rock a Ingila, fim ɗin da John Boulting ya ba da umarni daga littafin Graham Greene na 1938. Richard Attenborough ne ya fito a matsayin Pinkie, ɗan shekara 17 mai jan ragamar 'yan daba a filin sukuwa, makaminsa reza. Brighton gari ne da ke cin abinci da baƙi masu zuwa shan iska, shi ya sa aka buɗe fim ɗin da sanarwar cewa wannan ta'asa ta zamanin da ce. Amma ba a sauya wa garin suna ba, kuma abin da nake so masu shirya finafinanmu su duba ke nan. Ɗan ta'addan da aka nuno a wani daji maras suna dodo ne kawai. Wanda aka nuno yana sayen shayi a Ƙofar Taramniya ta Sakkwato kuwa ɗan wani ne, dole mai kallo ya tambayi yadda aka yi ya lalace a gabanmu.

Za a ce wannan ɓata sunan Sakkwato ne, kuma koya wa yara sara da suka ne. Batun suna bai dame ni ba, tunda labarin ta'addanci a Isa da Sabon Birni ya riga ya zaga duniya ba da taimakon fim ba. Na biyun yana da nauyi, don akwai finafinan da ke mai da ɗan daba gwarzo. Sai dai babu mai kallon Pinkie ya yi sha'awar rayuwarsa. Ba shi da aboki, ya kashe ɗaya daga cikin yaransa saboda tsoro, ya auri Rose mai aikin gidan abinci don kawai kada ta ba da shaida a kansa a kotu, ƙarshe ya faɗa teku 'yan sanda na biye da shi.

Ba mu rasa littafin da za a ɗauko ba. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare tun 1982 ya nuna inda makamai ke komawa bayan yaƙin basasa. Hanyar ma ba sabuwa ba ce: a 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, labarin da satar yaro ke tsakiyarsa.